Daga Dorugu Zuwa Dutse: Yadda Muka Gaji Aikin Tafinta

Karatu: Nehemiya 8:1-12, Matiyu 16:5-12



Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB ya san inda Turanci yake kayar da mutum. Manyan kalmomi ana haddace su a wuce. Ƙanana ne masu ba da kashi: give up, give in, put off, put up with, look down on. Kowace kalma a cikinsu ɗan firamare ya san ta, amma da zarar an haɗa su sai ma'ana ta sulale. A littafin makaranta sunan irin wannan haɗi phrasal verb, mu kuwa a nan za mu kira shi aikatau mai ɗan rakiya, domin aikatau ne da wata 'yar kalma take bin sa tana sauya masa ma'ana. Kusa da shi akwai maganganun azanci, waɗanda ake faɗin abu ɗaya ana nufin wani.

A majami'unmu na Dutse abin ya wuce neman maki. Mai wa'azi zai ce "take heart", tafinta ya ce "ku ɗauki zuciya", tsohuwar da take zaune a baya ta koma gida ba ta san inda aka ce ta kai zuciyar ba. Abin da aka so ta ji shi ne ta yi ƙarfin hali, wataƙila kuwa wannan kalma ce ta fi bukata a wannan mako. Wannan wahala tana da tarihi, tarihin kuma namu ne. Tun kafin mu fara gumi a kan Turanci, akwai waɗanda suka yi gumi a kan Hausa domin Maganar Allah ta iso mana.

Baturen da ya koyi Hausa a bakin yaro

A shekarar 1841 gwamnatin Ingila ta aiko ayarin jiragen ruwa su hau kogin Kwara. A cikin ayarin akwai mutum biyu na ƙungiyar mishan ta CMS: Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop, da wani Bajamushe, J. F. Schön. Schön ya lura cewa Hausa ce harshen fatauci a ƙasashe masu yawa, sai ya duƙufa a kanta. A 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa, a 1862 ya fitar da nahawu, a 1876 ya fitar da ƙamus. Amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ya tsinci harshen a bakin Hausawan da aka 'yanta daga bauta, musamman a Saliyo.

Babban malaminsa yaro ne mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama aka sayar tun yana ƙarami. Wani Bature mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya fanshe shi a ƙasar Borno. Da Overweg ya rasu a 1852, yaron ya koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Gumel ɗinmu a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. A 1855 Barth ya tafi da Dorugu Ingila. A can yaron ya zauna da Schön, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, Baturen yana rubutawa. Daga wannan zama aka sami littafin Magana Hausa na 1885, kuma da taimakon wannan zama Schön ya ci gaba da juya littattafan Sabon Alkawari zuwa Hausa.

Mu lura da yadda aka yi karatun. Schön masani ne, ya san Helenanci da Ibrananci, amma jerin kalmomi bai ishe shi ba. Sai da ya zauna yana sauraron yaro yana ba da labari, domin a cikin labari ne ake jin yadda "ci" yake zama cin abinci a wannan wuri, cin amana a wancan, cin kasuwa a can gaba. Dorugu ya dawo gida daga baya, ya kuma ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, bayan ya koyar a makarantar Nasarawa.

Tarabulus, Zariya, Wusasa

Waɗanda suka biyo baya sun gane cewa harshe sai an zauna da masu shi. Likita Walter Miller na CMS ya fara zuwa Tarabulus ta Libiya ya koyi Hausa a wurin Hausawa mazauna can da mahajjata masu wucewa. A 1900 ya shigo tare da ayarin Bishop Tugwell har Kano, inda Sarki Aliyu Babba ya sallame su. A 1905 Miller ya sami wurin zama a birnin Zariya, a 1929 kuma mishan ɗin ya koma Wusasa. Ya yi shekaru yana aikin fassara tare da Hausawan da suka zauna da shi da kuma ma'aikatan sauran ƙungiyoyin mishan, har a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Shi ne wanda kakanninmu suka haddace ayoyinsa. A 1979 aka fitar da sabuwar fassara, wadda da yawanmu muke riƙe da ita yau.

Shekara biyu bayan fitowar Littafi Mai Tsarki, wato a 1934, G. P. Bargery, wanda shi ma da aikin mishan ya fara shigowa, ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa zuwa Turanci mai kalmomi kimanin 39,000. Ya zaga garuruwa yana tambaya yana rubutawa. Wanda ya buɗe shi ya duba "ci" ko "sha" zai ga yadda kalma mai harafi biyu ko uku ta tara ma'anoni rututu.

Masu fassarar nan sun gamu da irin matsalarmu tun daga harsunan asali. A Fitowa 34:6, inda aka bayyana cewa Allah ba ya saurin fushi, abin da Ibrananci ya faɗa kalma da kalma shi ne yana da dogon hanci. Da an juyo shi haka, da Bahaushe ya ɗauka kyan fuska ake yabo. A Kolosiyawa 3:12, inda ake gargaɗinmu mu zama masu tausayi, Helenanci ya yi amfani da kalmar kayan ciki, tsohuwar fassarar Turanci ta 1611 kuma ta ɗauko kalmar hanji yadda take. Mu da muke cewa farin ciki da baƙin ciki ba za mu yi wa Helenawa dariya ba. Kowace al'umma tana da inda take ajiye murna da fushi a jikin mutum. Aikin mai fassara shi ne ya gano abin da ake nufi, sa'an nan ya tambayi kansa yadda Bahaushe yake faɗin wannan abu.

Yadda Turanci ya iso ƙasarmu

A farkon mulkin Turawa, Turanci bai yaɗu a Arewa da sauri ba. Makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausar boko ta fara. Turanci mai zurfi sai a wurare ƙalilan, kamar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, da makarantar mishan ta Zariya da Wusasa, inda Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya fara karatu. Abin lura game da mutanen wannan zamani shi ne sun riƙe harsunan biyu da ƙarfi. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda duniya ta yaba wa Turancinsa sa'ad da ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, shi ne kuma marubucin Shaihu Umar. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja ya kuma yi editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ɗan Kwalejin Katsina ne.

A lokacin nan Dutse da Ringim da Birnin Kudu gundumomi ne a ƙarƙashin masarautar Kano, Haɗejiya da Gumel da Kazaure kuwa masarautu ne a cikin Lardin Kano. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Saboda haka Turanci ya fi shigo mana ta hanyar jirgin ƙasa. Layin dogo daga Kano ya ratsa Ringim da Taura da Malam Madori har ya kai Nguru a 1930, ya kawo akawuna da ma'aikatan tasha da masu sayen gyaɗa, da yawansu Kirista daga Kudu. Sai a shekarun 1930 aka bar mishan ta SIM ta buɗe tashoshi a Lardin Kano, irin su Garko da asibitin masu cutar kuturta a Yadakunya. A yankin da yake Jigawa yanzu, Roni da Garun Gabas sun zama sanannun wuraren aikinta.

Waɗannan 'yan mishan da Hausa suka yi aiki. Sai sun koyi harshen kafin a sake su su yi wa'azi. Masu bishara 'yan ƙasa da suka zo daga Filato da kudancin Zariya da Bauchi, kowa da harshen iyayensa, a Hausa suka haɗu. Littafin Waƙoƙi da Hausa yake, makarantun Littafi Mai Tsarki da Hausa suke koyarwa, shirye-shiryen Muryar Bishara da Hausa ake ji. Da ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, da kuma aka kafa tarayyar da muke kira TEKAN a 1955, Hausa ce harshen sujada a yawancin ikkilisiyoyin Arewa.

Abubuwa uku suka juya lamarin. Na fari, shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976 ya kai makaranta ƙauyuka, tsarin ilimi na ƙasa na 1977 kuma ya sa a fara da harshen gida a ƙananan azuzuwa sa'an nan a koma Turanci. Na biyu, a ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birni, sai ma'aikatan gwamnati da na banki da 'yan kasuwa da 'yan bautar ƙasa suka cika gari. Na uku, a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗalibai suka zo daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Yau a majami'a ɗaya za ka sami dattijon da bai jin Turanci, da ɗalibar da ba ta jin Hausa, da matashin da yake jin duka biyun rabi da rabi. Wannan matashi shi ake miƙa wa makirfo a ce ya yi tafinta. Aikin da Dorugu ya yi wa Schön ya dawo hannunku, sai dai yanzu ta ɗaya gefen.

Turanci ma aro ya yi

Kada mu ɗauka Turanci harshe ne da ya sauko a kammale. William Tyndale, wanda ya fitar da Sabon Alkawari da Turanci a 1526 aka kuma kashe shi a 1536, ya yi fama ne domin talakan Ingila ya ji Maganar Allah da harshen gidansu, a zamanin da Latin ne harshen malamai. Shi ya ƙirƙiro kalmar scapegoat don bunsurun da ake ɗora wa zunuban jama'a a Littafin Firistoci 16, ga shi yau ana kiran duk wanda aka ɗora wa laifin wasu da wannan suna.

Maganganun azanci da yawa na Turanci daga Littafi Mai Tsarki suka fito. In Bature ya ce "the writing on the wall", yana nufin alamar faɗuwa ta bayyana, tushensa kuwa bikin Sarki Belshazzar ne a Daniyel 5. "Go the extra mile", wato yin fiye da abin da aka nema, daga Matiyu 5:41 yake. "Wash your hands of" wani abu, wato tsame hannu daga cikinsa, Bilatus ne a Matiyu 27:24. "A drop in the bucket", abu kaɗan ƙwarai, daga Ishaya 40:15. Matashin da ya tashi a makarantar Lahadi yana da jari a nan wanda bai san yana da shi ba.

Aikatau mai ɗan rakiya kuwa, Turawa da kansu sun san yana da wuya. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambaci irin waɗannan haɗe-haɗe a matsayin abin da ya fi wahalar da baƙon harshe. Saboda haka wanda ya sha wuya a kansu kada ya ɗauka kansa ne ba ya ja.

Mabuɗin yana cikin Hausa

Ga abin da tarihin nan yake koya mana a aikace. Wanda ya san Hausa sosai ya riga ya san dabarar. Muna cewa ci bashi, ci gaba, ci jarrabawa, ci mutunci, ba wanda yake neman cokali. Muna cewa sha wahala, sha iska, sha alwashi, ba wanda yake neman moɗa. Haka "give" yake: give up shi ne fid da rai ko sallamawa, give in shi ne miƙa wuya, give away shi ne kyautarwa. Put off ɗagewa ne, call off sokewa, put up with jurewa. Look after kulawa ce, look down on raini, look up to girmamawa. Abokai biyu in sun yi fall out sun ɓata, in sun yi make up sun shirya. Pass away rasuwa ce, pass out kuwa suma ce, ko da yake ɗan bautar ƙasa da ya gama shekararsa shi ma haka yake cewa.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Abin da Turanci yake yi da 'yar kalmar rakiya, Hausa tana yin sa da ƙarshen aikatau. Muna da fita, fito, fitar. Bature yana da go out, come out, take out. Muna da ci da cinye, sha da shanye, saya da saye. Bature yana da eat da eat up, drink da drink up, buy da buy up. Wannan "up" ba sama yake nufi ba, yana nufin an gama da abin kakaf, daidai da yadda cinye ya bambanta da ci. Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa rabin hadda.

Haka maganganun azanci. Sau da yawa muna da namu a ajiye. Let the cat out of the bag shi ne fasa ƙwai. Beat about the bush shi ne kewaye-kewaye. Out of the frying pan into the fire shi ne an gudu ba a tsira ba. Birds of a feather shi ne sai hali ya zo ɗaya ake abota. Tafintan da ba shi da waɗannan a bakinsa zai shigo da kyanwa da buhu cikin wa'azi, jama'a su bi kyanwar su bar saƙon. Hanyar kuma biyu ce: wanda ya ɗauki "ina zuwa" ya mai da shi "I am coming" yana fita daga ɗaki ya rikita baƙo, kamar yadda "mu haɗa hannuwanmu wa Yesu" yake rikita dattijon da aka so ya tafa.

Abin da Nassi ya nuna, da abin da za mu yi

Almajiran Yesu ma sun taɓa kama kalma suka saki ma'ana. A Matiyu 16 ya gargaɗe su game da yistin Farisiyawa da Sadukiyawa, su kuwa suka shiga zancen gurasar da suka manta, sai da ya nuna musu koyarwa yake nufi. Nikodimu a Yohanna 3 ya ji zancen sabuwar haihuwa ya koma tunanin cikin uwa. A Nehemiya 8, da Ezra ya karanta Shari'a, Lawiyawa suka shiga cikin jama'a suna bayyana ma'ana, mutane kuwa suka tafi da murna domin sun fahimci abin da aka karanta musu. Bulus a 1 Korantiyawa 14:19 ya fifita kalmomi biyar da za su amfani masu ji a kan dubbai da ba wanda ya gane. Daniyel ya koyi harshen Babila har ya yi fice, bai kuwa bar addu'a ga Allahn kakanninsa ba.

Saboda haka muna roƙonku abubuwa huɗu. Ku ajiye ɗan littafi, duk haɗin da kuka ji a rediyo ko a aji ku rubuta shi a cikin cikakkiyar jimla, a gefensa ku rubuta yadda Bahaushe zai faɗi wannan abu. Ku riƙa karanta sura ɗaya da Turanci da Hausa gefe da gefe, ku tsaya a inda fassarorin suka rabu ku tambayi dalili. In an ba ku tafinta, ku nemi mai wa'azi kafin sujada ku ji ayoyinsa da misalansa, in kuma magana ta shige muku duhu a kan bagadi, ku tambaye shi a hankali, domin tambaya ta fi ƙaga ma'ana. Sa'an nan ku zauna da dattawanmu da iyayenmu na zumuntar mata ku kwashi karin magana tun suna tare da mu, gama abin da za ku juya Turanci zuwa cikinsa a bakinsu yake.

Masu shirin jarrabawa a wannan shekara, ku haɗu biyu-biyu ko uku-uku bayan taron zumunta, wanda ya fi ƙarfi ya ja wanda yake baya. Rashin kiredit a Turanci ya tsare 'yan'uwanmu da yawa a ƙofar jami'a, bai kamata wani a cikinmu ya yi wannan fama shi kaɗai ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai da ka sa mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka ji bishara da harsunansu a ranar Fentikos, mun gode maka domin bayinka da suka sha wahala har Maganarka ta iso mana da Hausa. Ka buɗe hankalin matasanmu a makaranta da wurin jarrabawa. Ka ba masu yi mana tafinta kunnen ji da harshe mai gaskiya, domin kada tsoho ko baƙo ya fita daga gidanka bai ji abin da ka faɗa masa ba. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.